Dami Guda Domin Iyayenmu Mata: Wa'azi a Kan Sankarar Mama

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu har muka ga wannan kaka, Ya fitar mana da hatsi da wake daga ƙasar da muka gani busasshiya a watannin bazara, ba da wayonmu ba, ba kuma da ƙarfinmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da matansa iyayen muminai, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Lugu da kewayenta, da na sauran masallatan ƙasar Arewa da wannan takarda za ta isa gare su, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Maganar da muka zo da ita yau magana ce mai nauyi ga harshe, domin ta shafi jikin mace, kuma mu mutane ne masu kunya. Amma an ruwaito cewa Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. To, mu ma kada kunya ta hana mu faɗin abin da rayuka suka rataya a kansa.

A daminar da ta wuce mun yi wa wata baiwar Allah salla. Ba za mu faɗi sunanta ko garinsu ba. Ba ta cika shekara 45 ba, ta bar ƴaƴa biyar, autansu bai daɗe da yaye ba. Abin ya soma mata ne da ɗan kulluɓutu a cikin mama, bai fi ƙwayar gujiya ba, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Da yake tana shayarwa, sai ta ce nono ne ya daskare. Da aka yaye yaro abin bai baje ba, sai aka ce daji ne, aka shafa saiwoyi. Da ya ƙara girma, sai aka ce jifa ne, aka soma kallon kishiya da wani ido. Shekara biyu ana cikin haka. Sai da wurin ya fashe, wari ya hana ta zama cikin mata a wurin suna da biki, sannan maigidanta ya sayar da sa ya kai ta Yamai. Masu aikin likita suka yi abin da za su iya, amma cutar ta riga ta shiga ƙashi da huhu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Akwai abin da ya wajaba mu faɗa a kan kanmu. A cikin waɗannan shekaru biyu an aiko mana neman rubutu har sau uku, ana cewa wance ba ta jin daɗin jikinta. Muka rubuta, muka wanke, muka bayar, muka yi addu'a. Ba mu taɓa tambayar mene ne ciwon ba, ba mu kuma ce a kai ta likita ba. Rubutun ba laifi ba ne, addu'a kuwa ibada ce. Laifinmu shi ne shirun da muka yi. Muna neman gafarar Allah a kan wannan, muna kuma kira ga ƴan'uwanmu malamai da limamai, duk wanda aka zo masa da irin wannan buƙata, ya ba da addu'a da hannun dama, ya nuna hanyar likita da hannun hagu.

Ya ku bayin Allah, wannan cuta ita ce ake kira sankarar mama, ko kansar nono, ko dajin mama. Asalinta wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne na cikin maman da ke kauce wa tsarinsu, su riƙa hayayyafa ba tsayawa har su zama dunƙule. Muddin dunƙulen yana wurinsa, ana iya cire shi. Idan aka bar shi, sai ya aika da ƴaƴansa zuwa kaluluwar hammata, daga nan su bi jini zuwa ƙashi da hanta da huhu da ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci tare, ko wanke tufafin mai ciwon, ko kwana ɗaki ɗaya da ita. Ba alamar zunubi ba ce, ba kuma aikin kishiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matan da ke kamuwa da ita ba a samun wani dalili tare da su in ban da kasancewarsu mata da kuma ƙaruwar shekaru. Maza ma suna kamuwa, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba.

Alamominta kuwa, ya kamata kowane namiji a cikinku ya riƙe su ya kai gida: kulluɓutu ko tauri a cikin mama ko a hammata, sau da yawa ba tare da zafi ba, kan mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, fitar jini ko wani ruwa daga kan mama, fata ta lotsa ko ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, mama ɗaya ya sauya girma ko kama, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Rashin zafin nan shi ne babban yaudarar wannan cuta, domin mu mutanen karkara ba mu kiran abu ciwo sai ya kwantar da mu. Ga kuma bushara: mafi yawan kulluɓutun da ake samu a mama, har kusan tara cikin goma, ba sankara ba ne. Sai dai hannun mai shi ba ya iya rarrabewa, haka hannun boka, haka idon malami. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Hukumar da muka ambata ta ƙididdige cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2 da dubu 300 aka samu da wannan cuta a duniya, kuma 670,000 suka rasu da ita. A nan Nijar ita ce sankarar da ta fi kama mata. Amma abin lura ba yawan ba ne, bambancin ƙarshe ne. A ƙasashe masu wadata, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da rai shekara biyar bayan an gano ciwon. A Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu 40. Cutar ɗaya ce, jikin ɗan Adam ɗaya ne. Babban abin da ya raba su shi ne lokacin da mace ta isa gaban likita, da abin da ta tarar in ta isa. Mafi yawan matan ƙasashenmu suna isa ne bayan ciwon ya yi nisa.

Kada wani ya ce wannan ilmin Nasara ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Musulmi na Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya yi maganar sankara a cikin littafinsa At-Tasrif. Ya bayyana cewa idan tana wurin da za a iya cire ta gaba ɗaya, kamar mama, kuma tana ƙarama a farkonta, to a cire; idan kuwa ta daɗe ta girma, shi bai taɓa warkar da irinta ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Shekara dubu ke nan da faɗin haka. Magunguna sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, har wadda ciwonta ya yi nisa ma ana iya sassauta mata a ƙara mata kwanaki cikin sauƙi da izinin Allah, amma maganarsa a kan gaggawa tana nan daram. A ƙasarmu ta Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Malaman da muke alfahari da su ba su ɗauki duba lafiyar jiki abin da ke ƙasa da darajar malami ba.

Mun san abin da wasu za su ce a zaure bayan an watse: ciwo da mutuwa na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ba likitan da zai ƙara masa. Wannan gaskiya ce, amma an ɗora ta a inda ba wurinta ba. Usama ɗan Sharik (R.A.) ya ruwaito cewa mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko su nemi magani, sai ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa Allah bai sanya wata cuta ba face Ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Kuma lokacin da Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham ya ji labarin annoba a can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Sai Umar ya ba shi misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai su, da ƙaddarar Allah ya kai su. To, wanene a cikinmu ke kai garkensa fako ya ce ya yi tawakkali? Da ruwan farko ya sauka, ba mu ga wanda ya zauna a gida ya ce abincinsa rubutacce ne ba. Kowa ya ɗauki sungumi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta keɓe babi a kan yin magani, ta halatta addu'ar tofi, ta halatta shan magani, ta jera su wuri ɗaya ba tare da ta sa ɗaya ya kori ɗaya ba.

Wasu kuma za su ce: yaya za a buɗe ƙirjin matar aure a gaban wani? Wannan kishi ne mai kyau, kuma shari'a ba ta yi watsi da shi ba, tsara shi ta yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa mace likita Musulma ce za a fara nema ga mace. In babu, sai mace likita amintacciya ko da ba Musulma ba ce. In babu, sai namiji Musulmi amintacce. In babu, sai wanda ba Musulmi ba. Kuma ba za a buɗe sai gwargwadon buƙata ba, tare da halartar miji ko muharrami ko wata mace amintacciya. Dubawar farko da muke magana a kanta, ungozomar likita ce ke yin ta da hannunta, mace ga mace, cikin ɗaki rufe, ba allura, ba yanka, ba ta kuma wuce ƴan mintoci. Har ma akwai dubawar da ta riga wannan. A mazhabarmu ta Malikiyya, cuɗa jiki farilla ne a cikin wankan tsarki, Ahalari ya koya mana haka tun muna yara. Ke nan hannun kowace mace yana bin jikinta duk wata bayan ɗaukewar al'ada, wanda kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa da lura. Abin da ya rage shi ne a gaya mata abin da za ta lura da shi, a kuma ba ta ƙarfin zuciyar faɗi in ta ji wani sauyi.

Nan ne maganar ta iso kanku, ya ku magidanta. Mace a ƙasarmu ba ta fita sai da izini, ba ta hawa mota sai an ba ta kuɗi, sau da yawa ba ta ma faɗin ciwonta sai ta ga fuska. Me ya sa take ɓoyewa? Tana tsoron a ce za a yanke mata mama, ta koma abin tausayi a gidanta, ko a yi mata kishiya a kanta, ko a ce ta tafi gidansu ta yi jinya, jinyar da ba a zuwa biko bayanta. Wannan tsoro ba daga iska ta ɗauko shi ba. Ta gani an yi wa wata.

Akwai ɗalibai a cikinku da za su ce ai Muhtasar na Shehu Halil bai wajabta wa miji kuɗin magani ba. Haka ne, wannan shi ne mashhurin zance a mazhaba, ba mu ɓoye shi. Amma a cikin mazhabar dai, Ibn Abdil Hakam ya tafi a kan cewa ladan likita da kuɗin magani suna kan miji, kuma daga malaman wannan zamani Shehu Wahbatuz Zuhaili ya rinjayar da wajabcin, yana mai lura da cewa buƙatar magani a yau ta zama kamar buƙatar abinci. Mu wannan ra'ayi muke gani ya fi kusa da umarnin Alƙur'ani na zama da mata da kyautatawa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Kuma ko da alƙali bai tilasta maka ba, ɗan'uwa, ka tambayi kanka: matar da ta yi shekara ashirin tana daka maka hatsi, tana jawo ruwa daga rijiya mai gaba da yawa, ta shayar da ƴaƴanka da wannan maman da ya kamu, da wace fuska za ka buɗe littafi ka nuna mata layin da ya sauke maka nauyinta? Wanda ya saki mace ko ya ƙaurace mata saboda an cire mata mama domin ceton ranta, ya sani ya yi abin da mutanen kirki ba su yi. Wanda kuma ya tsaya mata, ya riƙe mata buta a bakin asibiti, muna kyautata masa zaton samun Ubangijinsa a wurin marar lafiyan nan, kamar yadda hadisin Muslim ya sanar game da mai gai da marar lafiya.

To, me ke akwai a ƙasa? A shekarar 2007 gwamnati ta fitar da doka ta ɗauke wa mata kuɗin jinyar sankarar mama da ta bakin mahaifa a likitocin gwamnati. A shekarar 2021 aka buɗe sashen gashi da haske, wanda ake kira radiyoterapi, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai, da taimakon hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya; kafin wannan, mai buƙatar irin wannan jinya sai ya fita waje, wanda ba shi da hali kuwa sai haƙuri. Kowane watan Oktoba kuma ana yin gangamin faɗakarwa, kuna ji a rediyo. Waɗannan duka alheri ne. Sai dai Yamai tana nesa da Dogon Dutsi da fiye da kilomita 250, mu kuma kafin mu kai Dogon Dutsi ma sai mun sha hanya. Ko da an ɗauke kuɗin magani duka, ba dokar da ke biyan kuɗin mota, ko na abincin mai jinya, ko na wurin kwana, ba kuma dokar da ke tsare gida da yara in uwa ta tafi. Jinyar kuwa ba zuwa ɗaya ba ce: akwai hoto, akwai ɗibar ɗan nama a auna, akwai jiran sakamako, akwai aiki, akwai ƙarin ruwan magani da ake maimaitawa bayan ƴan makonni har tsawon watanni. A wannan tazara da ke tsakanin ɗakin mace da ƙofar likita ne matanmu ke mutuwa.

Saboda haka ne shugabannin ƙungiyarmu da limaman masallatai suka yi shawarar buɗe asusu. Wasu samarinmu masu kishi sun ce a tara kuɗi a sayi na'urar hoton mama, wadda ake kira mamogirafi. Mun gode musu, amma mun ce a'a. Na'urar tana da tsadar da ta fi ƙarfinmu, tana son wutar lantarki tsayayya, da gwanin da zai karanta hoton, da mai gyara in ta lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta nuna cewa a wuraren da tsarin lafiya bai yi ƙarfi ba, abin da za a fara da shi shi ne gano ciwon da wuri ga wadda ta ji alama, da kai ta ga gwaji ba jinkiri. A shirin da ta ƙaddamar a shekarar 2021 ta sa ma'auni uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60 daga zuwan farko, kuma aƙalla 80 cikin 100 su kai ƙarshen jinyarsu. Kwana sittin ɗin nan su ne rabonmu a cikin aikin. Wannan kam muna iyawa.

Asusun zai yi abu biyu. Na farko, za mu nemi yardar hukumomin lafiya na Dogon Dutsi domin ungozomomi su riƙa zuwa garuruwanmu a ranakun da za a sanar, mu ɗauki nauyin man mota da abincinsu, mu tanadi ɗaki mai sutura, su duba mata su kuma koya musu. Na biyu, wanda ya fi girma kuma zai ci mafi yawan kuɗin, duk matar da aka ce ta wuce gaba, ko Dogon Dutsi, ko Doso, ko Yamai, asusu zai biya mata mota ita da mai rakiyarta, ya ba su guzuri, ya taimaka da kuɗin gwajin da ya faɗo kanta, ya kuma bi sawunta har ta dawo da sakamako. Mun yi alkawari ba za mu kira ungozoma ta duba mace ɗaya ba sai akwai kuɗin hanyarta a cikin akwati. Domin a gaya wa mace cewa an ji abu a jikinta, sannan a bar ta da tsoro ba abin tafiya, wannan ƙarin azaba ne, gara ma ba a taɓa ta ba. Ba za a kashe ko dala ɗaya a kan riguna, ko lasifika, ko walimar buɗewa ba.

Abin da muke roƙo kuwa, ga shi a gabanku a tsaye cikin gonaki. Kowane magidanci da Allah Ya ba shi hatsi ya fitar da dami guda. Wanda ya fi haka hali ya ƙara, wanda bai kai ba ya kawo tiya ɗaya ta hatsi ko ta wake, kada ya raina. Mai dabbobi ya ba da akuya ko kaza. Ƴan kasuwa da ma'aikata su ba da kuɗi, jika ko rabinta. Ƴaƴanmu da ke bida a Yamai da Sakkwato da Legas da Kwatano da Abijan, a kira su a waya a gaya musu. Waɗanda za a duba iyayensu ne da ƙannensu. Hatsin za a zuba shi a rumbu na musamman, a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan a farashin kasuwa duk lokacin da tafiya ta taso. Ba za mu riƙe shi muna jiran tsadar bazara ba, kada mu gyara wani gefe mu ɓata wani.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu ne masu gayya, mu ne masu gudummawar biki. Matanmu ma sun riga mu, da adashi da asusun Mata Masu Dubara da aka soma a ƙasar Maraɗi a shekarar 1991 ya bazu ƙasa duka. Muna roƙon shugabanninsu su zama su ne bakinmu a cikin gidaje, kamar yadda jajis ɗin Nana Asma'u ƴar Shehu suka riƙa kai karatu ga mata har ƙauyuka. Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi Ash'arawa, ƙabilar Abu Musa, saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci, ko abincin iyalinsu ya ragu a Madina, sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya danganta su ga kansa ya danganta kansa gare su. A masallacinsa kuma aka kafa wa Rufaida hema tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) bayan yaƙin Handaƙ. Wanda ke ganin maganar jinya ba ta dace da masallaci ba, ya tuna da wannan hema.

An tambaye mu ko ana iya zuba zakkar hatsi a asusun. A nan sai mu yi hattara. Zakka tana da masu ita guda takwas da Suratut Tauba ta ambata, kuma a mazhabarmu ana mallaka wa mai ita ne. Saboda haka ba a sayen man motar ungozoma da zakka, ba a gyara ɗaki da ita. Amma matalauciya Musulma da ciwo ya kama, ana ba ta zakka a hannunta ta yi jinya, wannan halal ne, yana ma cikin mafi kyawun wuraren da za a kai ta. Miji dai ba ya ba matarsa zakkarsa. Don haka akwati biyu za a yi, da littafi biyu, na zakka daban, na sadaka daban. Damin da muka roƙa sadaka ce, ba ya sauke ushurin da ke kan wanda hatsinsa ya kai nisabi.

Akwatin sadaka kuwa na kowace mace ce da ke zaune a wannan ƙasa. Kun san garinmu. Sunan Lugu ya kai nesa ne saboda mace, Sarauniya Mangu, wadda ta tari rundunar Turawan Faransa a shekarar 1899, kuma har yau muna zaune da maƙwabta da dangi masu riƙe da al'adar kakanni. Rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Ba za a tambayi mace ko tana salla ba kafin a biya mata mota. Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, Suratul Ma'ida kuwa da ta girmama ceton rai guda, rai ta ce, ba ta keɓe na wani ba. Muna kuma gayyatarsu su kawo nasu damin, hannu biyu za mu sa mu karɓa.

Saura maganar amana, domin mun san abin da ya kashe asusu da yawa kafin wannan. Mutum biyar za su riƙe shi, uku maza biyu mata, jama'a ce za ta zaɓe su, liman ba ya cikinsu, ba ya kuma riƙe mabuɗi. Duk Juma'ar farko ta wata za a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Abu ɗaya ne ba za a karanta ba, shi ne sunan marar lafiya. Za a ce mace ɗaya ta tafi Doso, an kashe kaza. Matan nan biyu su kaɗai za su san ko wace ce, kuma za su ɗauki alkawari a kan rufe sirri. Duk wanda ya ga wance ta hau mota da rakiya ya soma yaɗa zance a majalisa ko a bakin rijiya, ya sani harshensa na iya hana wata fitowa, har ta mutu a ɗaki.

Za a fara karɓar dammuna daga Juma'a mai zuwa bayan salla, a filin da ke gabas da masallaci, mai amalanke ya taimaki wanda ba shi da ita. A ranar ne kuma za a zaɓi mutum biyar ɗin. Limaman sauran garuruwa su karanta wannan takarda ga jama'arsu, su aiko mana da wakili ɗaya ɗaya. Kafin nan, kowane ɗayanku in ya koma gida yau, ya zauna da iyalinsa, da mahaifiyarsa in tana da rai, ya faɗa musu alamomin nan da bakinsa, ya kuma gaya musu cewa in sun ji wani abu su faɗa, ba abin da zai sauya tsakaninsu. Wanda nauyin baki ya hana shi, ya aika ƴar'uwarsa ta faɗa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a cikin abin da za ku fitar. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.